Big Star ta Memphis: me ya wargaza ta, kuma dawowar 1993 ta gaskiya ce?

Ɗan'uwa, ka ce ka ci karo da sunan Big Star, ƙungiyar makaɗan birnin Memphis ta Amurka, a cikin jerin fayafayan da masana ke sa wa a sahun gaba, amma da ka bincika sai ka ga a zamaninsu ba su yi wani cinikin kirki ba. Kana son sanin abin da ya wargaza su, da kuma ko dawowar da suka yi a 1993 dawowa ce ta gaskiya ko kuwa neman na cefane ne da tsohon suna.

Na daɗe ina gabatar da kiɗan ƙasashen waje a rediyo, kuma wannan ƙungiya tana cikin waɗanda na fi bin diddiginsu. Ra'ayina shi ne, ba rashin iyawa ne ya kashe Big Star ba, ba kuma rigimar cikin gida ba ce, ko da yake an yi ta. Dillancin faifai ne ya kashe ta. Sauran matsalolin duk daga nan suka tsiro.

Salon da suke yi, wanda ake kira power pop, waƙa ce gajera ta kamar minti uku, mai kari da ke saurin kama kunne, muryoyi biyu ko uku na hawa kan juna wajen amshi, jita tana ƙara da kaifi, ganga tana dukan ƙirji. Tushensa makaɗan Ingila ne na tsakiyar shekarun 1960, irin su The Beatles da The Kinks da The Who, sai The Byrds daga ɓangaren Amurka. Memphis kuwa gari ne da ya yi suna da wani abu daban. Garin blues ne, a nan Elvis Presley ya fara fitar da faifai a kamfanin Sun a 1954, a nan kamfanin Stax ya fito da Otis Redding da Isaac Hayes, a nan Al Green yake waƙa a kamfanin Hi. Samari farar fata huɗu da suka tashi a wannan gari kunnensu yana Liverpool da Landan, baƙi ne a unguwarsu tun kafin su buga waƙa ɗaya.

Ba za a gane labarin ba sai an san John Fry da sutudiyonsa mai suna Ardent. Fry ya fara ɗaukar sauti tun yana yaro a gidan iyayensa, ya buɗe sutudiyo sosai a titin National a 1966. Mutum ne mai tsantseni a kan sauti, mai zuba kuɗi a na'ura, shi ya sa Stax ke turo masa aikin da ya yi mata yawa. Abin da ya bambanta shi da sauran masu sutudiyo shi ne yana koya wa samari aikin na'ura, ya kuma ba su makulli su shiga da dare in an tashi aiki. Chris Bell na cikin waɗannan samari, tare da abokinsa na makaranta Andy Hummel mai jitar bes, da Jody Stephens mai ganga. Bell ya koyi na'ura har ya ƙware, kuma ya san sautin da yake nema tun kafin a kunna tef.

Alex Chilton daban yake. Yana ɗan shekara 16 ya rera waƙar da ta zama ta ɗaya a duk Amurka a 1967, tare da ƙungiyar Box Tops. Sai dai a can murya kawai ake so daga gare shi: wasu ke rubuta waƙar, wasu ke tsara kiɗan, a ce masa ga yadda zai furta. Ya bar su a 1970, ya yi ɗan zama a Niyok yana koyon jita da rubuta waƙa, sannan ya dawo gida. A 1971 ya haɗu da su Bell. Sunan ƙungiyar daga wani kantin kayan masarufi suka ɗauko shi, wanda ke tsallaken titi daga sutudiyon, inda suke zuwa sayen abin taɓawa. Ka lura da bambancin mutanen biyu, domin zai dawo daga baya: Chilton ya ɗanɗani suna ya ga abin da ke cikinsa, Bell kuwa bai taɓa ɗanɗana ba, kuma ya zuba ransa gaba ɗaya a kan faifan farko.

Faifan, mai suna #1 Record, ya fito a 1972. Bell da Chilton suka sa sunayensu tare a kan yawancin waƙoƙin, kamar yadda Lennon da McCartney na The Beatles suka riƙa yi. Mujallun harkar kiɗa irin su Billboard da Cash Box da Rolling Stone sun yaba ƙwarai. Wasu gidajen rediyo sun sa waƙoƙin. Mutane suka je kanti nema, babu.

A nan nake so ka tsaya, domin nan ne zuciyar amsar. A Amurka ta wancan lokaci, faifai ba ya tashi daga masana'anta ya faɗa hannun mai saye. Akwai kamfanin da ya ɗauki waƙar, akwai dillalan da ke raba wa kantuna jiha jiha, akwai ma'aikatan da ke bin gidajen rediyo suna roƙon a sa waƙa. Kuma abubuwan nan sai sun zo a tare. Mai gabatar da shiri zai sa waƙa mako biyu ko uku, sannan gidan rediyon ya tuntuɓi kantunan garin ya ji ko ana saye. In aka ce ba a saye, sai a cire waƙar a sa wata. Ba ruwan gidan rediyo da cewa dalilin rashin sayen shi ne kayan ba su iso ba. Duk wanda ya san harkar fim da waƙa a Kano zamanin kaset da faifan CD ya san irin wannan: in 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ba su ɗauki kayanka sun watsa ba, ko duk gari na yabonka ba ka da ciniki.

Ardent, wanda shi ya fitar da faifan, ƙaramin kamfani ne, Stax ce ke yi masa dillanci. Shugaban Stax na lokacin, Al Bell, wanda ba shi da dangantaka da Chris Bell, yana son shiga kasuwar kiɗan rock ta hannun Ardent. Niyya mai kyau ce, amma hanyoyin da Stax ta sani na kiɗan soul ne: kantunan unguwannin baƙar fata da gidajen rediyonsu. Ba ta da mutane a inda ake sayar da irin kiɗan Big Star. Ana cikin haka, a ƙarshen 1972, Stax ta ƙulla yarjejeniya da babban kamfanin Columbia ya karɓi dillancin kayanta gaba ɗaya. A takarda wannan ci gaba ne, domin Columbia na kai kaya kowane lungu na ƙasar. A zahiri kuwa, tsofaffin dillalan Stax aka sallama, kwafin da ke kantuna aka janye, sabon dillali kuma bai damu da wasu samari na Memphis da ba a sani ba. Mutumin da ya ƙulla yarjejeniyar a ɓangaren Columbia, Clive Davis, an sallame shi daga aiki a watan Mayun 1973, waɗanda suka gaje shi kuma ba su ɗauki maganar Stax da muhimmanci ba. Daga nan kamfanonin biyu suka shiga rigimar kuɗi har kotu. Faifan farko na Big Star bai kai kwafi 10,000 ba.

Za ka ji wasu na cewa salon ne ya tsufa, wai a 1972 jama'a sun koma kan dogayen waƙoƙi masu nauyi irin na Led Zeppelin. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma bai isa hujja ba. A wannan shekarar dai ƙungiyar Raspberries ta birnin Cleveland, masu irin wannan salo, sun kai waƙarsu matsayi na 5 a jadawalin Billboard. Bambancin shi ne su kamfanin Capitol ne ke bayansu, kuma faifansu na kan kanta ranar da aka ji shi a rediyo. In wani ya yi rawa ya samu kuɗi, wani in ya yi duka zai sha.

Dukan kuwa Chris Bell ya fi kowa shan sa. Ban da rashin ciniki, 'yan jaridar da suka yaba faifan sun fi ambaton Chilton, tunda shi aka sani, alhali sautin faifan aikin Bell ne, shi ya kwana a kan na'ura yana jera muryoyi da jita. Rai ya ɓaci, aka yi faɗa har da dambe tsakaninsa da Hummel, aka fasa kayan kiɗa. Kafin ƙarshen 1972 Bell ya fita. Ya shiga matsananciyar damuwa da shaye-shaye har aka kwantar da shi a asibiti. Ina ganin da faifan ya sayar ko da matsakaici ne, da yawancin wannan ba ta faru ba, domin mutanen da suka ga aikinsu na tafiya sukan jure wa juna abin da ba za su jure ba in komai ya tsaya.

Sauran ukun sun watse na ɗan lokaci. Abin da ya dawo da su wani taro ne da jami'in tallan Ardent, John King, ya shirya a Mayun 1973, inda ya tara marubutan kiɗan rock daga sassan Amurka da Ingila a Memphis. Big Star ta yi musu wasa su uku, marubutan suka tashi suna rawa. Ganin haka suka koma sutudiyo suka yi faifai na biyu, Radio City, wanda ya fito a farkon 1974. A wurina shi ne mafi kyawun aikinsu. Babu santsin hannun Bell, ko da yake akwai waƙoƙin da ya sa hannu a rubutunsu kafin ya tafi. Jitar Chilton tana da kaifi, gangar Stephens kamar za ta ture waƙar amma ba ta ture ba, kuma Fry ya ɗauki sautin a sarari yadda kana jin kowane abu a wurinsa. Yabo ya sake zuwa, dillanci ya sake cin amana, domin a lokacin rigimar Stax da Columbia ta kai maƙura. Kwafi kusan 20,000 aka sayar. Hummel ya duba ya ga ba hanya, ya koma ya ƙarasa karatunsa, daga baya ya yi aiki shekaru masu yawa a masana'antar ƙera jiragen sama a Texas.

A ƙarshen 1974 Chilton da Stephens suka shiga Ardent tare da furodusa Jim Dickinson da makaɗan gari. Abin da suka ɗauka ba power pop ba ne kuma. Waƙoƙi ne a hankali, da goge da fiyano, wasu kamar za su rushe a tsakiya, na mutumin da ya daina sa ran kowa zai saurare shi. Fry da Dickinson suka zagaya da samfurin faifan wurin manyan kamfanoni, ba wanda ya karɓa. Ba a yi wata sanarwar rabuwa ba, aiki ne kawai ya tsaya. Stax kanta ta durƙushe a Disambar 1975. Faifan na uku, wanda ake kira Third ko Sister Lovers, sai a 1978 wasu ƙananan kamfanoni suka fitar da shi a Amurka da Ingila.

Bell bai daina ba. Yayansa ya kai shi Turai, ya ɗauki waƙoƙi a Faransa, ya yi aiki a Landan da Geoff Emerick, injiniyan da ya yi wa The Beatles aiki. Ba kamfanin da ya ɗauke shi. Ya dawo Memphis yana kula da ɗaya daga cikin gidajen abincin mahaifinsa. A 1978 wani matashin makaɗi, Chris Stamey, ya fitar masa da ƙaramin faifai mai waƙa biyu, kuma Chilton ya yi masa amshi a ɗaya daga ciki, abin da ke nuna zumuncin bai yanke ba. Ranar 27 ga Disambar wannan shekara motarsa ta daki turken fitilar titi a Memphis, ya rasu yana da shekara 27. Cikakken kundin waƙoƙinsa sai a 1992 ya fito.

Chilton ya bi wata hanya. Ya yi fayafai masu hargitsi da gangan, ya yi wa ƙungiyar The Cramps furodusa, sannan a farkon shekarun 1980 ya koma New Orleans, ya bar giya, ya yi wanke-wanke a gidan abinci da aikin saran itatuwa. Da ya dawo dandali, tsofaffin waƙoƙin soul da jazz ya fi son rerawa.

A cikin waɗannan shekaru ne fayafayan suka yi tafiyar da dillalai suka hana su. A 1978 aka haɗa na farko da na biyu aka sake fitarwa a Ingila. Ma'aikatan kantunan faifai da ɗaliban da ke gudanar da gidajen rediyon jami'o'i suka riƙa miƙa wa juna, ana kwafa a kaset. Masu sauraron ba su da yawa, amma da yawansu makaɗa ne. 'Yan ƙungiyar R.E.M. ta Amurka sun sha faɗa cewa daga Big Star suka koya. This Mortal Coil ta Ingila ta sake rera waƙoƙi biyu daga faifan na uku a 1984. The Bangles sun sa waƙar Chilton a faifansu na 1986 wanda ya sayar da miliyoyi. The Replacements sun je Ardent ɗin kanta, wurin Dickinson, suka yi waƙa da sunan Chilton a 1987. Teenage Fanclub ta Sikotland kusan a kan wannan sauti ta gina kanta. A 1992 kamfanin Rykodisc ya fitar da faifan na uku da kundin Bell a CD, aka kuma sake fitar da biyun farko. Karo na farko ke nan da mai so zai shiga kanti ya same su ba wahala, shekara 20 bayan faifan farko.

Yanzu ga kashi na biyu na tambayarka. Ba wani ɗan kasuwa ne ya shirya dawowar ba. Ɗalibai ne na gidan rediyon KCOU a Jami'ar Missouri suka buga wa Stephens waya, wanda a lokacin yake aiki a Ardent, suka tambaye shi ko za a yi wasa a bikin bazarar makarantar. Ya ce in Chilton ya yarda shi ma ya yarda, kuma ba wanda ya zaci Chilton zai yarda, tunda ya sha nuna wa 'yan jarida cewa bai ɗauki yawancin waƙoƙin Big Star a bakin komai ba. Sai ya amsa. Hummel bai shiga ba. Aka cike gurbi da Jon Auer da Ken Stringfellow na ƙungiyar The Posies daga jihar Washington, waɗanda ba su kai shekara huɗu ba lokacin da faifan farko ya fito. Aka yi wasan ranar 25 ga Afrilun 1993 a garin Columbia na jihar Missouri, aka ɗauka aka fitar a faifai.

In ma'auninka shi ne mutanen farko su cika, to ba Big Star ta 1972 ba ce, kuma ba za ta taɓa zama ba, tunda Bell na kabari. Amma ni ban yarda a kira ta kasuwanci da suna ba, kuma ga dalilaina. Auer da Stringfellow ba 'yan haya ba ne. Tun kafin a kira su sun riga sun ɗauki waƙar Bell da ta Big Star a ƙaramin faifai nasu, sun san kowane amshi, kuma su ne suka dawo da hawan muryoyin nan da ƙungiyar ta rasa tun fitar Bell. A wasan farko ma an rera waƙar Bell ta bayan rabuwa, wadda ba ta cikin fayafayan ƙungiyar. Wanda ke neman kuɗi kawai ba ya tsayawa girmama mamacin da yawancin jama'a ba su san shi ba. Sannan ba su mayar da abin sana'ar kullum ba. Wasa jefi-jefi suke yi, a Amurka da Turai da Japan, da wanda suka yi a titin Beale na Memphis a Oktobar 1994. Wannan zubi na mutum huɗu ya yi shekara 17 ba a canja kowa ba, alhali ƙungiyar farko shekara uku zuwa huɗu ta yi duka-duka. Mafi yawan mutanen da suka taɓa ganin Big Star a dandali, wannan suka gani.

Ba na cewa babu kuɗi a ciki. Chilton da kiɗa yake ci, kuma a 1996 ya koma yin wasa da Box Tops ma. Ni ban ga aibu ba mutum ya ci guminsa da aka hana shi shekara 20. Kuɗin da ya fi tsoka ma ba daga dandali ya zo ba, daga talabijin ya zo, lokacin da shirin barkwanci na That '70s Show ya ɗauki wata waƙa ta faifan farko ya mai da ita taken buɗe shiri daga 1998, wadda Cheap Trick suka sake rerawa daga zango na biyu. Miliyoyin Amurkawa sun haddace waƙar Bell da Chilton ba su san masu ita ba.

Inda dawowar ta gaza a ganina shi ne sabon faifai. In Space, wanda suka ɗauka a Ardent ya fito a 2005, yana da waƙoƙi biyu ko uku masu kyau, musamman inda Stephens da Auer suka ja gaba, amma an yi shi cikin gaggawa, ana rubutawa ana ɗauka, kuma Chilton ya ja shi zuwa kiɗan da shi yake jin daɗi a lokacin. Mutane huɗu ne masu iyawa suna aiki cikin nishaɗi. Abin da ya sa fayafayan farko suke kama zuciya, wato samari da suka sa duk abin da suke da shi a kan aiki ɗaya, ba ya nan, kuma ba abu ne da ake dawo da shi don an so ba.

Girmamawar ta zo ta cika. A 2003 Rolling Stone ta sa fayafayan uku na farko duka a cikin jerin fayafai 500 mafi kyau da ta zaɓa, a 2009 kuma kamfanin Rhino ya fitar da babban kundi na ayyukansu. An shirya za su yi wasa a bikin kiɗa na SXSW a birnin Austin ranar 20 ga Maris 2010. Ranar 17 ga watan Chilton ya rasu a New Orleans sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 59. Aka mai da wasan na tunawa da shi, kuma Hummel ya hau dandali ya riƙe bes a wasu waƙoƙi. Shi ma ciwon daji ya ɗauke shi ranar 19 ga Yulin wannan shekara. Fry ya rasu a Disambar 2014. Stephens ne kaɗai ya rage cikin huɗun farko, kuma ya ci gaba da buga waƙoƙin tare da Auer da Stamey da Mike Mills na R.E.M., har da wasannin cikar faifan farko shekara 50 a 2022.

In za ka saurara, fara da Radio City, sannan ka koma #1 Record ka ji abin da Bell ya ƙara da abin da aka rasa da ya tafi. Kundin Bell ya biyo baya. Faifan na uku yana son natsuwa, kada ka sa shi kana tuƙi ko kana hira. Wasan Missouri na 1993 akwai kurakurai a ciki, tunda atisaye kaɗan suka yi, amma shi zai ba ka damar yanke hukunci da kunnenka a kan tambayarka ta biyu. Na 2005 ka bar shi zuwa ƙarshe.